Wanda zai ba ka guba ba ya manna maka takarda

Wannan bidiyon da kuke ta turo mini ya ishe ni haka. Mutum ya ɗauki jakar makaranta ta yara, ya juya bayanta, ya ga ɗan alwatika ruwan ɗorawa da rubutun Turanci mai gargaɗi kan ciwon daji, sai kawai ya kunna kyamara yana rantsuwa wai Amurkawa sun cusa ciwon daji a cikin kaya sun turo mana don a rage mu. Kuma mutane masu hankali, har da waɗanda suka yi boko mai zurfi, suna ta yaɗawa da "a kula, a tura wa 'yan uwa". Wata baiwar Allah har ta ce ta jefar da butar lantarkin da aka aiko mata. Haba jama'a! Wanda ya yi niyyar kashe ka zai tsaya ya buga maka gargaɗi a jikin kwali?

Rubutun nan na jihar Kalifoniya ne, jiha ɗaya cikin hamsin. A 1986 mutanen jihar suka kaɗa ƙuri'a suka amince da wata doka da ake kira Proposition 65. Abin da ta ce a taƙaice: duk kamfanin da ke da ma'aikata goma ko fiye, in kayansa za su sa mutum ya haɗu da sinadarin da jihar ta lissafa cikin masu jawo ciwon daji ko masu lahanta haihuwa, dole ya faɗa wa mai saye. Jerin sinadaran ya kai wajen 900, kuma ana ƙara masa. Ba a hana sayar da kayan ba, an dai ce ka faɗa.

To ga inda maganar take. Ma'aunin da suka sa yana da tsauri ƙwarai. A ɓangaren ciwon daji, kafin a yafe maka gargaɗin sai haɗarin bai wuce mutum ɗaya cikin 100,000 ba, a ce sun shekara saba'in suna haɗuwa da abin. Kuma kamfani ne zai kawo hujjar cewa kayansa ba su kai wannan ma'auni ba. In bai manna ba aka kama shi, tara tana iya kaiwa dala 2,500 a kowace rana kan kowane laifi. Sannan ba sai gwamnati ta motsa ba. Kowane ɗan ƙasa zai iya ɗaukar lauya, ya ba da sanarwar kwana sittin, ya maka kamfanin a kotu, in an ci tara ya karɓi kashi ɗaya cikin huɗu. Ku saka kanku a matsayin mai kamfanin nan. Gwaji a ɗakin bincike kuɗi ne, shari'a ta fi shi tsada, ɗan lakabi kuwa kusan kyauta. Sai ya manna wa komai ya huta. Kuma ba zai buga kwali daban saboda jiha ɗaya ba, shi ya sa kwalin da aka yi don kantin Los Angeles shi ne ya iso Sabon Gari da Kantin Kwari.

Tsoron kotu ne ya rubuta lakabin nan. Tsoron kotu, na sake faɗa, kuma ni abin da nake wa mutanen can hassada ke nan.

Na san masu zuwa su ce ai abin ya zama shirme, ana ganin gargaɗin a ƙofar otal da wurin ajiye motoci, har mutane sun daina karantawa. Gaskiya ne an wuce gona da iri a wasu wuraren. A 2018 wani alƙali a Los Angeles ya yanke cewa masu sayar da kofi ma sai sun yi gargaɗi, saboda wani sinadari da ke fitowa lokacin da ake soya 'ya'yan kofin. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, a 2019 hukumar jihar ta cire kofi daga ciki. To an yi kuskure an gyara, sai me? Wasu kuma su ce lauyoyi ne ke cin moriyar, sun mai da abin sana'a. Su ci mana! In lauya zai ci kuɗi ta hanyar tilasta wa kamfani ya cire dalma daga sarƙar wuyan yara, Allah ya ƙara masa kasuwa.

Domin abin yana aiki. A 2012 Coca-Cola da Pepsi suka sa aka sauya yadda ake haɗa launin da ke sa lemonsu duhu, don a rage wani sinadari da jihar ta lissafa. Ba wa'azi aka yi musu ba. Ba sa son a ga kalmar ciwon daji a jikin gwangwaninsu, shi ke nan. Ku tuna kuma da Dewayne Johnson, mai kula da filayen makaranta da ya yi ta feshin maganin ciyawa, ciki har da Roundup, ya kamu da ciwon daji. Shari'arsa ba ta ƙarƙashin waccan dokar ba ce, amma ƙorafin iri ɗaya ne: ba ku gargaɗe ni ba. A 2018 kotu a San Francisco ta ba shi dala miliyan 289 a kan Monsanto, kamfanin da ke yin Roundup. Daga baya an rage kuɗin sosai, kuma har yau masana ba su daina jayayya kan sinadarin da ke cikin Roundup ba, amma a 2020 kamfanin Bayer da ya sayi Monsanto ya amince ya biya fiye da dala biliyan goma don a sasanta dubban ƙararraki. Talaka mai albashi ya ja katafaren kamfani har gaban alƙali.

Ba na cewa duk abin da ke ɗauke da lakabin lafiya lau yake. Tun 2018 cikakken gargaɗin yana ambaton sunan aƙalla sinadari ɗaya. In ka ga an ambaci dalma a jikin abin da jariri zai sa a baki, ka nisanta shi da yaro, wannan hankali ne. An ba ka labari, ka yi hukunci da kanka. Iyakar abin ke nan.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wanda ya jefar da buta saboda takarda, da safe shi ne zai bari a zizara wa jaririnsa kwallin da ba wanda ya taɓa gwadawa, alhali an sha samun dalma mai yawa a cikin irinsa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, daga duwatsun zinare da ake daka wa a tsakar gida. Wa ya manna wa iyayensu gargaɗi? Wa aka kai kotu? A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa. Su sun ƙi, mu muka ci gaba da dafawa. Man bilicin da ake haɗawa a bayan shago a ɗura a roba ba suna ba adireshi, wa za ki kama in ya ƙona miki fuska? Waɗannan ba su da alwatika ruwan ɗorawa, don mai yin su bai taɓa jin tsoron wata kotu ba a rayuwarsa. Ga inda ya kamata ku kunna kyamara ku yi ihu.

Tunda na taɓo feshi, don Allah manomanmu, damina in ta wuce ku daina ɗauraye galan ɗin maganin ciyawa kuna zuba ruwan sha ko manja a ciki. Omo ba ya fitar da shi daga roba. Ku huda gindinsa ku binne nesa da rijiya. Masu sayen tsofaffin robobi a kasuwar ƙauye, ku ma da ku nake, ku daina karɓar su ko da kyauta aka ba ku.