Mako shida bai isa a san mutane ba

Akwai wasu samari da ake gani bibbiyu a titunan manyan biranen duniya, farar riga da baƙin wando, kowanne da baƙar alamar suna maƙale a ƙirji, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan keke. 'Yan mishan ne na cocin nan mai hedikwata a birnin Salt Lake na jihar Utah a Amurka, wanda aka fi sani da Momon, duk da cewa tun 2018 shugabanninsa suka roƙi a daina kiransu da wannan suna. Ni ba ɗan cocinsu ba ne, kuma ba aƙida na zo tattaunawa ba. Yadda makon yaran nan yake tafiya shi ya tsaya mini a rai, domin ina ganin akwai abin yabo a ciki, akwai kuma wani abu guda da yake cutar da su da mutanen da suke zuwa wa.

Mu fara da shekaru. A watan Oktoba na 2012 shugaban cocin na lokacin, Thomas Monson, ya sanar da rage shekarun fita wa'azi: namiji daga 19 zuwa 18, mace daga 21 zuwa 19. Cikin shekara biyu adadinsu ya tashi daga kimanin 58,000 zuwa sama da 80,000. Namiji yana yin wata 24, mace wata 18. Yaro ba ya zaɓen ƙasar da zai je, takarda ce ke zuwa masa ta ce ga inda aka tura ka, ko Birazil ne, ko Filifin, ko Ghana, ko Japan. Ba albashi, hasali ma shi da iyayensa ne yawanci ke biyan kuɗin zamansa wata-wata. Yakan yi 'yan makonni a makarantar horarwa, babbar tana garin Provo, akwai wasu kuma a wurare irin su Accra da Manila da Sao Paulo, daga nan sai a sauke shi cikin mutanen da bai gama jin harshensu ba.

Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne tashi ƙarfe 6:30 na safe, kwanciya 10:30 na dare, ko da yake daga 2017 an ɗan sassauta bisa yanayin kowace ƙasa. Safiya ta karatu ce: karatunsa shi kaɗai, karatu da abokin tafiya, sannan darasin harshe. Ragowar yini na yawo ne, sallama ƙofa-ƙofa, tsayar da mutane a hanya, komawa gidajen da aka yi alƙawari. Akwai zaman tsara mako, akwai taron 'yan yanki, Lahadi kuma coci. Babu talabijin, babu fim, babu iyo, babu neman aure. Rana ɗaya tak, yawanci Litinin, ita ce ta wanki da cefane da rubuta wasiƙa gida, ita ma zuwa ƙarfe 6 na yamma an koma aiki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dokar abokin tafiya. Dole su kasance inda ɗaya zai ga ɗaya ya kuma ji muryarsa, dare da rana, in ban da shiga banɗaki. Kuma ba kai ka zaɓe shi ba. Hausawa suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ka ɗauki yaro ɗan shekara 18 ka haɗa shi da wani daga wata nahiya, halinsu daban, abin da ke ba su haushi daban, ka ce ba rabuwa. Wanda ya fito daga wannan lafiya ya koyi haƙurin da wasunmu ba mu koya ba har muka yi furfura. A nan kam na sara musu. Yaron da aka rufe wa ƙofa a fuska sau da yawa a yini guda, ya kwana, ya tashi ya sake wanke fararen kayansa ya fita, ba ƙaramin mutum ake ginawa ba.

Na kuma ji daɗin gyaran da suka yi a watan Fabrairu na 2019. Kafin nan sau biyu kacal a shekara aka yarda ɗan mishan ya kira gida, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata. Ku dubi wannan da idon uwa. Ɗanki yana wata ƙasa, ba ki jin muryarsa sai bayan watanni, abin da kike samu rubutu ne kawai sau ɗaya a mako, shi ma yaro ya tace shi don kada hankalinki ya tashi. Yanzu suna iya kira ko yin magana ta bidiyo kowane mako a ranar hutunsu. An makara, amma an yi daidai. Kaɗaici da damuwa suna mayar da wasunsu gida kafin wa'adi, kuma wanda ya dawo da wuri yakan sha kallon da bai cancanta ba daga mutanensa.

To ga inda nake da ja. Rayuwar ɗan mishan an yanka ta ne mako shida-shida. Duk bayan mako shida shugaban mishan, wato babban da ke kula da su a yankin, yana fitar da sauye-sauye: wane ya tattara jakarsa ya koma wani gari, wane an canja masa aboki. Ba kowa ake ɗagawa kowane zagaye ba, mutum na iya yin wata uku ko shida a wuri ɗaya, amma kullum yana zaune ne da sanin cewa kira na iya zuwa. Cikin shekara biyu ya zaga unguwanni da garuruwa da dama. A wasiƙar gida abin yana da daɗin karantawa, sabon gari, sabuwar mota, sababbin hotuna. Amma ku tsaya ku tuna da matar da ta buɗe musu ƙofa, ta zaunar da su, ta faɗa musu abin da ba ta taɓa faɗa wa danginta ba, ta bar addinin gidansu ko cocinta na da saboda ta yarda da waɗannan yara biyu. Wata safiya sai ta ga baƙuwar fuska a bakin ƙofa, an ce Elder wane (haka ake kiran samarin mishan ɗin) an mayar da shi wani wuri. Baƙo raɓa ne, haka ne, amma baƙon da ya sa ka canja hanyar rayuwarka bai kamata ya ɓace da fitowar rana ba.

Ga kuma lissafi. Kowane mako suna miƙa alƙaluma sama: mutum nawa aka yi wa baftisma, nawa aka sa wa ranar baftisma, nawa suka zo coci, sababbi nawa aka fara koyarwa. Idan ka haɗa gajeren zama da alƙaluman mako, ka kuma ɗora su a kan yaro mai son shugabansa ya yaba masa, gaggawa za ka samu. Sakamakon ba a ɓoye yake ba. A ƙidayar ƙasar Meziko ta 2010, kimanin mutum 315,000 ne suka ce su 'yan wannan coci ne, alhali rajistar cocin tana nuna sama da miliyan ɗaya. A Chile ma ƙidayar 2002 ta nuna irin wannan giɓi. A shekarar ce cocin ya tura manyan shugabanninsa biyu su zauna a waje, Jeffrey Holland a Chile, Dallin Oaks a Filifin, kuma riƙe waɗanda aka riga aka yi wa baftisma yana cikin abin da suka je gyarawa. Wato su kansu sun san da matsalar.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ana sauya su ne domin mutane su manne wa coci, kada su manne wa yaro, kuma 'yan cocin garin ne ya kamata su riƙe sabon shiga. Za a ce sauyin yana ceton abokan da ba su jitu ba, yana kuma hana shaƙuwar da za ta kai ga fitina. Ban raina waɗannan dalilai ba, na biyun ma gaskiya ne ƙwarai. Sai dai a ƙananan rassa, inda 'yan coci ba su fi a ƙirga ba kuma kowa na fama da neman abinci, wa zai riƙe wa? Yaran nan biyu su ne cocin a idon sabon shiga.

Shi kansa yaron yana asara. Harshe ba ya zama a bakin mutum sai ya zauna da masu shi har sun daina yi masa magana irin ta baƙo. Sanin wanda ke fushi da wa a unguwa, da dalilin da ya sa wani ya ce "to" alhali yana nufin "a'a", abu ne na watanni. Daidai lokacin da ya fara ganewa sai a ɗauke shi. Shi ya sa wasiƙun mako da yawa da iyaye ke yaɗawa suka cika da labarin ruwan sama da karnuka da lalacewar keke, mutanen garin kuma suna wucewa a ciki da suna ɗaya da jimla ɗaya. Ban ɗora laifin a kan yaran ba, abin da aka ba su damar gani ke nan. Ina dai roƙon iyayen da ke sa waɗannan wasiƙu a intanet su cire sunaye da hotunan mutanen da ba a nemi izininsu ba, domin sirrin gidan wani ne ake karantawa a wata nahiya.

Shugaban mishan da matarsa shekara uku suke yi a wuri ɗaya, saboda cocin ya san aikin shugabanci yana bukatar zama. Da ni ake tambaya, sai in ce a bar kowane yaro ya yi aƙalla rabin wa'adinsa a gari ɗaya, a canja masa aboki idan zama ya ƙi, amma a bar shi da unguwarsa. A cikin alƙaluman mako kuma a ƙara tambaya ɗaya da za ta fi sauran nauyi: cikin waɗanda aka yi wa baftisma bara, su wa ke zuwa har yanzu, kuma wa ya leƙa waɗanda suka daina?