Ku ƙyale yaron nan da Bootstrap ɗinsa

Tun daren jiya abin nan yake cin raina. Waɗanda suke wurin zamanmu na masu haɗa shafukan intanet sun ga abin da aka yi wa yaron nan. Ya haɗa wa gwaggonsa mai sayar da atamfa da leshi shafin intanet cikin kwana 3, ya buɗe mana a waya, komai ya zauna daram. Sai wani babba a cikinmu ya leƙa kod ɗin, ya taɓe baki ya ce wai ai Bootstrap ne, wato shiryayyen kod da ake ɗauka a tsara shafi da shi, ba aikinsa ba ne. Aka kwashe da dariya. Yaron ya rufe kwamfutarsa, har aka tashi bai ƙara cewa uffan ba.

Wannan rashin adalci ne, kuma wallahi ban ji daɗi ba.

To, aikin wa ne? Tela saƙa yadin yake yi kafin ya ɗinka maka riga? Magini shi yake haɗa simintin da yake gini da shi? Mark Otto da Jacob Thornton ma da suka ƙirƙiro Bootstrap a kamfanin Twitter, gajiya suka yi da ganin kowane ma'aikaci yana sake rubuta abu ɗaya ta hanyarsa daban. Suka tattara shi wuri guda, suka sake shi kyauta a watan Agustan 2011 don kowa ya ɗauka. Don a yi amfani da shi aka yi shi. Ya raba faɗin shafi gida 12, ka ce wannan hoto ya ci gida 6 a kwamfuta, a waya kuma ya cika faɗin gaba ɗaya, shi ke nan. Tun fitowar Bootstrap 3 a 2013 waya ce farkon abin da yake la'akari da shi, kuma masu sayen kayan gwaggon nan da waya za su shigo.

Gwaggo ba ta san CSS, yaren da ake tsara kamannin shafi da shi, ba, ba ta kuma bukatar sani. So take ta ga atamfofinta a jere, da farashi, da maɓallin da za a danna a same ta a WhatsApp. Gani ya kori ji. Ka nuna wa mai aiki samfuri yau, ya ce cire wannan, ƙara wancan, gobe ka gyara. Da yaron ya tsaya rubuta kowane layi da hannu, da sati 3 za su wuce kafin ta gano ba haka take so ba. Wa zai biya shi wannan lokacin? Masu dariyar?

Na san za a ce duk shafukan Bootstrap kama ɗaya suke. A canza launi da rubutu mana, da Sass, mai sauƙaƙa rubuta CSS, aikin awa ɗaya ne. Za a ce yana da nauyi, yana cin data. Hoto ɗaya da aka ɗauka da waya aka ɗora ba a rage girmansa ba ya fi fayil ɗin Bootstrap nauyi nesa ba kusa ba, kuma tun Bootstrap 5 a 2021 aka rabu da jQuery, wani ƙarin kod da yake dogara da shi a da. Wanda har yanzu nauyin ya dame shi, ga wani madadinsa, Tailwind na Adam Wathan, nan tun 2017, abin da ka yi amfani da shi kaɗai yake fitarwa. Za a ce yaron ba zai koyi CSS na asali ba. Zai koya ranar da ya so matsar da wani abu ya ƙi matsuwa, dole ya buɗe ya ga me ke ƙasa. Da yawanmu ta nan muka shigo.

Ƙanena, idan kana karanta wannan, aikinka ne, kuma ya yi kyau. Ka turo mini adireshin in sa a nan.

Abu ɗaya na lura da shi a shafin, kuma shi ya kamata manyan su nuna maka jiya. Salon rubutun da ka ɗauko ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa a kalmar “ɗinki” harafin farko ya fito da wata siffa daban da sauran. Ina ganin wannan matsala a shafukan Hausa da yawa, har wasu sun gaji sun daina sa lanƙwasar kwata-kwata. Ka gwada salon rubutu na Noto Sans, yana da su duka, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar.