Kafin ku ɗauko magen nan mai dogon gashi

Ƙannena, na ga yayin da ya shigo na sayen mage 'yar Farisa, mai dogon gashi da shafaffen hanci, a rungume ta a ɗauki hoto a ɗora a Instagram da TikTok. Ban ce kiwon mage laifi ba ne. Abin da ke damuna shi ne yawancinku kuɗin saye kawai kuke lissafawa, alhali shi sau ɗaya ake biya a huta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

A shekarar farko allurai ne ke fara kwashe kuɗi. 'Yar kyanwa tana buƙatar rigakafi tun tana mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan mako 3 ko 4 har ta kai mako 16. Sai allurar ciwon haukan kare idan ta yi wata 3, domin mage ma tana kamuwa, kuma tana iya sa wa mutum ta hanyar cizo ko yakushi. Ciwon nan yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara a duniya, galibi a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunsa sun bayyana sai dai addu'a. Ga maganin tsutsar ciki, ga na ƙuma. Mai sayarwa zai rantse muku cewa an yi mata komai. Ku ce ya kawo kati mai sa hannun likitan dabbobi. In ya fara kame-kame, ku san duk alluran nan suna kanku.

Abinci kuwa shi ne wanda ba ya ƙarewa. Mage nama take ci, jikinta ba ya ginuwa da tuwo ko shinkafa. Ragowar miyar gida ma haɗari ce gare ta, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini, madarar shanu kuma kan sa ta zawo. Shi ya sa ake komawa ga abincin mage na kanti irin su Whiskas da Royal Canin, waɗanda daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Duk wanda ya ga yadda naira ta faɗi tun daga watan Yunin 2023 ya san abin da nake nufi. Ku ƙara da yashin bayan gidanta da sai an riƙa sauyawa.

Sannan ita 'yar Farisa ba ta jure zafinmu. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, ba wuta, ita kuma ga bargon gashi ga ƙuntataccen hanci. Kullum sai an taje ta an goge mata ido, in ba haka ba gashin ya cukurkuɗe, makero ya samu wurin zama, har ya kama yaran gida. In ta kwanta ciwo, don Allah kada ku ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Likita za a kai ta, shi ma da kuɗinsa.

Tun tana wata 5 ko 6 za ta fara kukan neman muzuru, cikinta kuma mako 9 ne kacal. Ko ku biya a yi mata aikin hana haihuwa, ko ku shirya ciyar da huɗu ko biyar.

A nan ne wasu ke gajiya, su kulle ta a baranda ko su jefar da ita a bayan layi. Kun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Saboda haka ku je asibitin dabbobi mafi kusa da ku, ku tambayi farashin kowace allura da na aikin. Ku shiga shago ku duba kuɗin abincin wata ɗaya ku ninka sau 12. In jimillar ta fi ƙarfin aljihunku, ko kuma da kuɗin Baba kuke shirin yi ba tare da saninsa ba, ku haƙura. Magen gida ta fi jure yanayinmu, kyauta ake bayar da 'ya'yanta a unguwa, amma ita ma sai an yi mata alluran.