Ana ce masa ya yi haƙuri, kwana 180 na ƙarewa

Makon jiya na zauna da wani matashi ɗan Katsina a Agege da ke Legas, yana ta ɓoye hannun damansa cikin aljihun riga. Injin narka roba ya datse masa yatsu uku a wani kamfani da ke Ikorodu. Kamfanin ya rubuta rahoto cewa yaron ɗan kwangila ne ya kawo shi, ba ya cikin ma'aikatansu, kuma da wannan rahoton aka yanke cewa babu diyya. Kamfani dai ya yi halinsa. Waɗanda suka ƙona min rai manyanmu ne. Da ya ce zai ɗaukaka ƙara, sai wani dattijo ya ce masa, "Kai yaro, ƙaddara ce. Karɓi kuɗin mota ka koma gida."

Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma wane malami ne ya karantar da cewa ta hana mutum bin haƙƙinsa? Shari'ar Musulunci da kanta ta yanka wa kowane yatsa diyyar raƙumi 10. Mu kuma mun mayar da yatsu uku kuɗin motar Katsina.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata, kuma ta lissafa har da leburan wucin gadi da ɗan koyon sana'a da mai aikin gida. Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwana 180 ya nemi a sake dubawa. In aka ƙi, ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Ikoyi, inda alƙali zai tambayi wa ke ba yaron umarni, a injin wa yake aiki. Daga can sai Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda hukuncin Kotun Ƙoli na 2017 ya tabbatar ita ce tashar ƙarshe, kuma yawanci sai da izininta ake shiga.

Waɗannan kwanaki 180 ba sa jiran kowa. Ana zaman sulhu, ana "bari Alhaji ya dawo", wa'adi ya wuce, takardar hukunci ta mutu a aljihu. Mai ba da wannan shawara ya taya kamfani aiki kyauta, ko ya sani ko bai sani ba.

Masu cewa baƙo ba ya shari'a da mai kuɗi a Legas, su tambayi kansu sau nawa suka taka Ikoyi kafin su yanke wannan hukunci.

Sarakunan Hausawa a Agege da Idi-Araba da shugabannin kasuwar Mile 12 suna tara kuɗi in za a kai gawa gida. Su ware wani abu su riƙe lauya ɗaya domin masu rai. Yaron nan saura masa wata biyu, kuma har yanzu ba wanda ya karanta masa takardar da ke aljihunsa.