Mai Sayar Da Kayansa Don Matsi, Shi Kuka Zaɓa Ku Cuta?

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa. Da ɓacin rai na zauna rubutun nan, kuma ku nake so ku ji, musamman ƙannena da waya ba ta barin hannunsu dare da rana.

Cikin makon nan wata baiwar Allah da muka sani ta sa keken ɗinkinta a kasuwa. Mijinta ne ke kwance a asibiti, an rubuta magani, gida babu ko sisi. 'Yarta ta ɗauki hoton keken ta ɗora a Facebook Marketplace. Ba a jima ba wani ya yi magana: "Keken yana nan?" Bai yi tayi ba, bai nemi ragi ba, bai tambayi ko yana tsinka zare ba, bai tambayi shekara nawa ana aiki da shi ba. Ya ce ya saya, a turo lambar asusu. Can sai ga hoton rasit a WhatsApp, da tambarin banki, da sunanta daidai, da kwanan wata. Ya ce ɗan aike yana hanya. Ɗan aike ya iso yana ta duba agogo, wai akwai wasu kayan da zai kai. Ta duba asusu, shiru. Ta kira mutumin, ya ce, "Mama, matsalar netwok ce, wallahi tallahi an cire a wajena, yanzu za ki ji alat." Ta ji nauyin ta riƙe kayan wanda ya rantse mata da Allah, ta bari aka ɗauka. Da yamma na gan ta da wayar a hannu, tana jan allon ƙasa da babban yatsa, ta sake ja, ta sake ja, abin da ke asusun bai motsa ba. Shi kuwa tuni ya toshe lambarta.

Sata dai tsohuwa ce, ba yau aka fara ba. Abin da ya tayar min da hankali shi ne yadda na ji wasu samari suna ba da irin wannan labari suna ƙyalƙyala dariya. Wani ya ce ai ita ta yi sake. Wani ya ce gayen ya iya aiki. Aiki? Tun yaushe alat na bogi ya zama aiki? Tun yaushe aka mai da cutar mai rauni abin tafi da yabo, har ana kiranta wayo?

Ku tsaya ku dubi wanda ke sayar da kayan hannu. Akwai 'yan kasuwa a ciki, gaskiya ne, amma mafi yawa mutane ne da rayuwa ta matse. Ɗalibin da zai rabu da kwamfutarsa don ya biya kuɗin makaranta. Magidancin da zai sayar da firji saboda mai gida ya ba shi wa'adi. Bazawarar da ta fito da gadonta da katifarta. Wanda zai sayar da wayar da ke hannunsa ya koma ƙarama don a sallami matarsa daga asibiti. Babu mai rabuwa da abin da yake amfani da shi cikin jin daɗi. Kuma ɗan damfara ya san haka sarai, shi ya sa ya zaɓe su. Ya san mai gaggawa ba ya dogon bincike, ya san ba shi da lauya, ba shi da ma'aikacin da zai duba masa lissafi, ya san da wuya ya iya bin sawu. Ungulu ba ta jewar banza. Wannan zaɓin shi ne ya fi ƙona min rai, domin yana nuna mutum ya zauna ya yi tunani, ya nemi wanda ya fi kowa rauni, sannan ya kai masa hannu.

Kuma hanyoyin sun yi yawa. Alat na bogi shi ne na kan gaba: saƙon tes da aka tsara kamar daga banki, ko hoton rasit da aka gyara, ko imel mai kama da na kamfanin tura kuɗi na PayPal yana cewa kuɗi na jira, za a sake su da zarar ka aika kaya. Akwai wanda zai ce ya yi kuskure ya tura fiye da kuɗin kaya, don Allah ka maido masa rarar. Ka maido daga aljihunka, daga baya ka tarar babu abin da ya shigo tun farko. A ƙasashen da ake amfani da cak kuwa, banki kan nuna kuɗin a asusu kafin a gama tantancewa, sai bayan kwanaki ko makonni cak ɗin ya dawo a matsayin jabu, banki ya janye kuɗinsa, mai kaya ya tashi babu kaya, babu kuɗi, ga bashi. Akwai wanda zai biya da katin sata ko asusun da aka yi wa kutse, kuɗi su shigo da gaske, ranar da mai asusun ya kai ƙara sai a rufe na mai kayan da bai ji ba bai gani ba.

Akwai kuma wanda bai damu da kayan ba sam. Zai ce yana tsoron a cuce shi, don haka zai turo maka lambobi shida a waya, ka karanto masa don ya tabbatar kai mutumin kirki ne. Hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka, FTC, ta yi gargaɗi kan wannan a 2021, lokacin da ake amfani da shi wajen buɗe lambar wayar intanet ta Google Voice a kan lambar wayar masu sayar da kaya. Da irin wannan dabara ake ƙwace WhatsApp ɗin mutum, a shiga roƙon 'yan uwansa kuɗi da sunansa. Ku duba rashin kunya: ɓarawo ne ke tambayar mai kaya shaidar gaskiya.

Kada wani ya ɗauka wasan yara ne a lungu. Kamfanin tsaron intanet na Group-IB ya bankaɗo wani tsari da ya sa wa suna Classiscam, wanda ya fara a Rasha a 2019. Manya ne ke zaune a sama suna kula da manhajoji a Telegram, yaro ya shigar da sunan kaya da farashi, nan take a ƙera masa shafin bogi mai kama da na kamfanin kai saƙo ko na kasuwar intanet. Sai ya tura wa mai kaya linki ya ce, "Na riga na biya, shiga nan ka sa lambar katinka ka karɓi kuɗinka." Mai kaya ya sa lambar kati, ya sa lambar sirrin da banki ya turo, a kwashe abin da ya tara. A rahoton kamfanin na 2023 abin ya kai ƙasashe 79. Yaran da ke tura saƙon su ne a ƙasa, manya na yankar kasonsu daga kowace sata, kuma idan an zo kamu yawanci na ƙasan ake fara cafkewa. To ƙanena, kai da kake jin ka waye, ka san wa kake yi wa bauta?

Na san abin da wasu za su ce. Babu aikin yi, rayuwa ta yi tsada, manya ma suna sata. Ban musa ba, ana cikin wahala. Amma matar da ka raba da keken ɗinkinta, ita ta hana ka aiki? Ita ta sace dukiyar jama'a? Wahalar da kake kuka da ita, ita ce ta sa ta fito da keken. Kai ka ga ɗan uwanka cikin rami, maimakon ka miƙa hannu sai ka cire masa takalmi ka gudu. Allah Ya ce kada mu ci dukiyar juna da ɓarna, sai dai ta ciniki bisa yardar juna, yana nan a Suratun Nisa'i aya ta 29. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Wannan fa mutum ne da ya ɓoye jiƙaƙƙen kaya kawai. Ina ga wanda ya ƙera rasit na ƙarya, ya haɗa da rantsuwa da sunan Allah?

Rantsuwar nan ma abin kuka ce. Wallahi ta zama kamar gaisuwa a bakinmu. Yaro zai rantse sau goma a kira ɗaya, ransa ko gezau, ya ajiye waya ya tashi ya yi salla. Wasu har hoton masallaci ko ayar Alƙur'ani suke sawa a fuskar shafinsu don a yarda da su. Da me za ka fuskanci Ubangijinka, bayan da sunanSa ka yi tarko?

Sannan ku masu ba da aron asusu. "Aboki, ara min asusunka za a turo min wasu kuɗi, zan ba ka wani abu." Ka san ba ya sana'a, ka san asusunsa lafiya lau yake, ka ba shi, ka ce kai ba ruwanka. Da ruwanka har da tsaki. Ɓarawo ba ya sata sai ya san inda zai ajiye. Sunanka ne a takarda, kai hukuma za ta nema. A Ingila irin wannan yana cikin laifin halasta kuɗin haram, hukuncinsa na iya kai shekara 14 a gidan yari. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Haka masu sayen waya ko kwamfuta a rabin kuɗi ba tare da tambayar daga ina ba, ku ma kun san abin da kuke yi.

Iyaye ma ina da magana da ku, da girmamawa. Yaro ba ya aiki, ba ya kasuwa, kullum yana ɗaki da waya, sai ga sabon agogo, sai ga sabon takalmi, har ya miƙo muku wani abu ku sa albarka. Ba wanda ya ce, "Kai, ina ka samu?" Mu kuma abokai mun mai da shafukan sada zumunta wurin gasar nuna abin duniya, kowa na ɗaukar hoto a jikin motar da ba tasa ba. Yarinya ba ta sauraron saurayi sai ta ga irin wayarsa. Yaron da ke koyon gyaran waya ko walda, hannu duk baƙin mai, shi ake yi wa kallon wanda bai waye ba. To me muke tsammani? Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma mu muka miƙa musu mabuɗin.

Amma duk wannan ba uzuri ba ne ga mai tura alat na bogi. Shi na zo kansa, kuma shi zan koma. Ɗan uwa, kuɗin keken nan kwana nawa za su yi maka? Ka sayi data, ka yi ɗinki, ka yi wa budurwa kyauta, sun ƙare. Hawayen matar nan kuwa ba su ƙare ba. Addu'ar wanda aka zalunta babu shamaki tsakaninta da Allah, wannan kowa ya sani tun yana yaro. Kana ganin ka toshe lamba ka jefar da layi shi ke nan? Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. In ma ka tsere wa hukuma har ƙarshen rayuwarka, haƙƙin ɗan Adam ba ya faɗuwa da istigfari kawai, sai ka mayar ko mai shi ya yafe. Wa za ka mayar wa, bayan kai kanka ba ka riƙe sunayensu ba?

Ku kuma masu sayarwa, a yi hattara. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, sai ka gani a cikin asusunka da idonka. Mai karɓar kuɗi ba ya buƙatar ba da lambar kati ko lambar sirri. Duk mai azalzalarka, ka bar shi ya jira, sauri ya haifi nawa. Kuma in abin ya same ka, kada kunya ta sa ka yi shiru, ka faɗa, domin da shirunka suke samun na gaba. Sauran gyaran kuwa yana wuyanmu duka, mu ji tsoron Allah, mu tsawata wa namu, mu daina tafa wa ɓarawo.

Abin da ke sa ni baƙin ciki shi ne abin da muka rasa. Mun taso mun ga iyayenmu suna ciniki da baki kawai. Mutum ya ɗauki kaya ya ce zan kawo kuɗi ran kaza, ranar ta zo ya kawo, babu takarda, babu shaida. In ya kasa, da ƙafarsa zai zo ya ba da haƙuri kafin a neme shi. In aka ce ɗan wane ya ci amana, gidansu gaba ɗaya ne ke rufe fuska, a daɗe ba a manta ba. In mutum ya fito da kayan ɗakinsa zai sayar, mai saye kan gane matsi ne, wani ya ƙara masa a kan abin da ya faɗa, wani ma ya ba shi kuɗin ya ce mai da kayanka gida. Yau mai matsi ya fito, ana rige-rigen wanda zai fara cutarsa. Har ta kai mutumin kirki ya tura kuɗi da gaske, netwok ya riƙe da gaske, a tsare shi a ƙofar gida ana masa kallon ɓarawo, kuma ba za ka ga laifin mai kaya ba. Tsofaffi sun koma tsoron wayar da ke hannunsu, ko jikokinsu ne suka kira sai sun yi ta tambaya. Mu muka jawo wannan, yaranmu ne, daga gidajenmu suka fito, kuma har yanzu akwai masu zama a majalisa suna dariya in an ba da labarin.