Ana ƙirga masu shiga kwaleji, wa ke ƙirga waɗanda suka ɓace a hanya?

Duk shekara, idan ƙananan kwalejojin Kano suka rantsar da sababbin ɗalibai, shugaban makaranta kan miƙe ya faɗi adadinsu, a yi tafi. Ranar yaye ma haka, a faɗi wani adadin, sau da yawa bayan an tara 'yan shekara biyu ko uku an haɗa su a biki guda. Abin da da wuya ka ji an faɗa shi ne: a cikin waɗanda aka ɗauka a shekara kaza, mutum nawa ne suka fita da takarda a hannu, a kan lokaci? Ina ganin wannan lamba ta fi sauran biyun muhimmanci, kuma ya kamata a tilasta wa kowace kwaleji, ta gwamnati ko ta kuɗi, ta riƙa fitar da ita.

Lissafin ba shi da wuya. Takardar NCE ta shaidar malanta karatun shekara uku ne, ƙaramar difloma shekara biyu. Sunan duk wanda ya yi rajistar aji ɗaya yana ofishin magatakarda. Bin sawun sunayen nan zuwa ƙarshe aikin ma'aikaci ɗaya ne da kwamfuta ɗaya. Ɗan kasuwa a Kantin Kwari da ya shigo da dila ɗari ba ya kwana sai ya san nawa ya sayar, nawa ke sito, nawa aka ɗauka bashi. Makarantar da ta karɓi 'ya'yan mutane ba ta da hujjar gaza shi.

Ɗalibi a irin waɗannan makarantu ba ya zuwa ya ce na bari. Sulalewa yake yi. Yaron da ke zaune a Rimin Kebe ko Mariri, mai hawa adaidaita sahu biyu kafin ya isa aji, shi ne aka fara yi wa illa tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Da farko zai zaɓi ranakun da zai zo. Daga nan sai ya rasa gwaji ɗaya, ya rasa na biyu. Jarrabawa ta matso, a liƙa sanarwa cewa wanda bai kammala biyan rajista ba kada ya shiga ɗakin. Za ka gan su tsaye a bakin ofis, rasit ɗin rabin kuɗi a hannu, suna cewa, "Malam, a taimaka, wallahi Baba ya ce ƙarshen wata." Malamin ma ba shi da ikon komai, ya ce, "Ka je ka ga na sama." Na sama ya tafi taro. Zangon gaba yaron yana shagon yayansa a Farm Centre yana gyaran waya, idan an tambaye shi ya ce ya ɗan jingine karatun ne. Jinginar nan kuwa takan zama ta har abada, kuma babu wanda zai buga masa waya daga makaranta ya ji ba'asi.

Na 'yan mata ya fi ban takaici, domin yawancinsu ba faɗuwa suke yi ba. Aure ne ke zuwa a tsakiyar aji biyu, sai tarewa a wata unguwa mai nisa, sai laulayi, sai goyo. Wadda ta dage za ka iske ta a bayan aji, ƙanwarta na riƙe da jariri a gindin bishiya, tana fita ba shi nono tana dawowa. Ɗaki guda da tabarma da mace mai kula da yara zai riƙe mata da yawa. Haka ma dokar ɗage karatu mai sauƙi, wadda aka bayyana wa kowa tun ranar farko, ta yadda mai haihuwa za ta cike takarda ta dawo baɗi ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ba a ce gwamnati ba ta yi komai ba. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rage rabin kuɗin makaranta a manyan makarantun jiha, a 2024 kuma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. A shekarar dai gwamnatin tarayya ta buɗe asusun bashin ɗalibai na NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ya kuma ba ɗalibi naira dubu 20 a wata. Sai dai bashin na makarantun gwamnati ne kawai. Ɗaliban ƙananan kwalejojin lafiya da na ilimi masu zaman kansu, waɗanda suka cika unguwannin birnin nan, ba su ciki. Sannan ta yaya za a san ko ragin kuɗin ya riƙe yara a aji, idan ba a ƙirga masu tsayawa kafin ragin da bayansa ba? An kashe kuɗin jama'a, ya kamata a ga sakamako a lamba.

Ba duka laifin talauci ba ne, kuma a nan ne shugabannin makarantu ba sa son a tsaya. A 2024 mafi ƙarancin makin da hukumar jarrabawar shiga manyan makarantu, JAMB, ta amince da shi na shiga kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha 100 ne cikin 400. Wanda ya ɗauki yaro da wannan maki ya san wa ya ɗauka: yaron da Turancinsa bai kai ya bi lacca ba, lissafinsa kuma da saura. Idan ka karɓi kuɗinsa ka zuba shi a aji ba tare da wani darasin cike giɓi ba, ka jira shi da jarrabawa, to faɗuwarsa da hannunka a ciki. Ga kuma matsalar da makaranta ke haifarwa da kanta: sakamako ya makara har a shiga wani zangon, ɗalibi bai san yana da kari-oba, wato darasin da ya faɗi zai maimaita, ba sai lokacin rajistarta ya wuce; ko a ce makinsa ya ɓata, ya yi ta zarya tsakanin sashe da ofishin jarrabawa har ya gaji. Wannan ba kuɗin mota ba ne, sakaci ne.

Akwai masu cewa idan aka fara auna kwaleji da yawan waɗanda ta yaye, za ta koma ba kowa maki don lambarta ta yi kyau. Tsoron yana da tushe, musamman da yake NCE ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan, kuma mai ita ajin firamare zai shiga ya koyar. Amma ba cewa nake a hukunta makarantar da ta kori wanda ya kasa ba. Cewa nake a rarrabe: wannan ya faɗi, wannan ya samu gurbi a Jami'ar Bayero ko wata jami'a ya tafi (da yawa dama zaman jira suke yi a kwaleji), wannan kuɗi ne, wannan aure. Da zarar an yi haka, za a ga wanne ne aikin malami, wanne ne na gwamnati, wanne ne na iyaye.

Ƙaramar kwaleji ma ita ce ta fi dacewa da wannan aiki. Malamin da ke kula da aji na mutum sittin ya san fuskarsu, sau da yawa ya san unguwarsu. A ba shi katin waya da umarni cewa duk wanda ya yi mako biyu ba a gan shi ba a kira shi, in ba a same shi ba a kira gida. A bar mai rabin kuɗi ya rubuta jarrabawa, a riƙe sakamakonsa har ya cika.

Hukumar NCCE mai sa ido kan kwalejojin ilimi da NBTE mai sa ido kan makarantun kimiyya da fasaha suna zuwa tantance kwasa-kwasai, su duba ɗakin karatu da kayan aiki da takardun malamai. Su ƙara wannan a cikin abin da suke nema: jerin sunayen ajin da aka ɗauka shekara uku da suka wuce, da bayanin inda kowanne ya kwana. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta jiha kuma ta buga adadin kowace kwaleji kafin a fara sayar da fom, don uban da zai sayar da akuya ko ya ci bashi ya gani kafin ya biya.