Kafin ka ɗauki hoto a cikin birnin Kano, ɗora hannunka a jikin bangon

Duk lokacin hutu sai hotuna su cika Facebook. Wani a kan Dala ya ware hannuwa, wata a ƙofar Gidan Makama, wasu a bakin marinar Ƙofar Mata. Ina jin daɗin ganin haka, domin aƙalla an je. Damuwata ita ce yawancinmu muna shiga cikin birni ne kamar masu halartar ɗaurin aure: a gaisa, a yi hoto, a fice. Alhali tsohon birnin Kano igiya ɗaya ce ta ɗaure shi. Marini yana ba magini abin yaɓe, majemi yana ƙara masa gashi, kududdufi ya ba shi ƙasa, ɗorawa da giginya su cika sauran. Wanda ya zagaya bai ga wannan igiya ba, gine-gine kawai ya kalla, kuma ba zai gane abin da ke rushe su a gaban idonmu ba.

Ka ware yini guda, ka sa takalmi mara tsini, ka ajiye mota a wajen gari ka shiga a-daidaita-sahu, sauran kuma ƙafa ce. Ka guji tsakar ranar Juma'a, hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci cushewa suke yi. Ka fara da Dala da misalin ƙarfe 7 na safe. Mutane kan ce a zo da hunturu saboda sanyi, amma idan hazo ya sauka ko Goron Dutse da ƙyar za ka hango. Ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi, ruwa ya wanke sama, rana kuma ba ta yi zafin bazara ba.

Labarin Barbushe da Tsumburbura da zuwan Bagauda a shekara ta 999 kowane yaron unguwar zai ba ka. Masu haƙar tarihi kuma sun samu alamun narkar da tama a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7. To amma idan ka hau, ka ɗan ajiye labari ka yi amfani da ido. Ka nemi layin ganuwa, ka ga inda yake da inda ya ɓace. Ka duba rufin gidaje, nawa ne jar ƙasa, nawa ne kwano. Sannan ka ƙirga kududdufan da kake iya hangowa.

Kududdufi ba a banza yake a wurin ba. Kowanne rami ne da aka haƙi ƙasar da aka gina unguwar da ke kewaye da shi, shi ya sa tsohuwar unguwa take da babban kududdufi. Bayan an gama gini sai ramin ya koma wani aikin, ya riƙa shanye ruwan damina da ke gangarowa daga lunguna. Yau ana cike su da shara a yanka filoti a kai. Ruwan kuwa bai san an sayar da wurin ba, inda ya saba zuwa nan zai nufa, idan bai samu ba ya kwanta a gindin katangar ƙasa. Katangar ƙasa tana jure ruwan da ya dake ta ya wuce, wanda ya kwana a gindinta shi ne ajalinta.

Daga Dala ka gangaro Kurmi ta cikin lunguna, kada ka bi titi. Sunayen unguwannin cikin gari kaɗai darasi ne: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi, Sharifai, da Alfindiki wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci ta masaukin fatake. Turawan da ake nufi a Dandalin Turawa ma Larabawan arewacin Afirka ne, tun kafin Nasara su zo. Kasuwar Kurmi kuwa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, take ci. Ka yi sallama ga duk dattijon da ka tarar a dakali, kada ka ɗaga waya a kan mutum ko ƙofar gidansa sai ka nemi izini. Gidajen mutane ne, da iyali a ciki.

A cikin lungunan nan za ka ci karo da katangar da yaɓenta ya zube. Tsaya nan, domin ita ce za ta nuna maka cikinta. Za ka ga tubala masu siffar ƙwai, ƙasansu da faɗi samansu da tsini, an jera su tsaye an cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ba da ma'auni ake yin tubali ba, da hannu ake mulmula shi. Ana jiƙa ƙasa, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake tattakewa, sannan a mulmula a shanya kamar mako biyu. Magini yana hawa kan katangar ya zauna, ana jefo masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa, ya jera sahu ya bari ya sha iska kafin ya ɗora wani. Gindin katanga ya fi samanta kauri nesa ba kusa ba, tana hawa tana sirancewa. Wannan kaurin shi ke sa ka shiga soro da azahar a watan Afrilu ka ji kamar an yayyafa ruwa.

Yanzu ga inda igiyar take ƙulluwa. Ka biya ta Majema a wajen Ƙofar Wambai, inda ake jeme fata da bagaruwa. Ka lura da gashin da ake kankarewa daga fatun awaki. Sunansa gashin jima, kuma a da ba a zubar da shi. Daga nan ka wuce marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa kafuwarta daga 1498. Ka je kafin azahar, lokacin da ake aiki. A cikin ramin ana haɗa ruwa da toka da baba, a riƙa motsawa da doguwar sanda har ya nuna ya yi kumfa, abin da ke ɗaukar kwanaki masu yawa. Ka roƙi marinin ya tsoma ƙyalle a gabanka. Zai fito kore-kore, iska na dukansa yana komawa shuɗi kana kallo. Duhun launi daga yawan tsomawa da fitarwa yake zuwa, don haka zane mai duhu sosai ya fi tsada, kuma hakkinsa ne. Ka leƙa wurin masu bugu ka ga yadda ake dukan zane a kan gungume har ya yi ƙyalli. Idan ka sa mutum ya bar aikinsa ya yi maka bayani, ka sayi wani abu ko ka ba shi na goro.

Sai ka yi masa tambayar da baƙi ba sa yi: idan rini ya mutu, ina ake kai abin da ya kwanta a ƙasan ramin? Wannan laka ita ake kwashewa, a cura, a busar, a ƙona, a daka, ta zama katsi. Idan aka haɗa katsi da gashin jima da ruwan dafara mai yauƙi, an samu laso, simintin Hausawa ke nan. Da shi ake shafe rufin soro da zankwaye da duk inda ruwa ya fi duka, da shi kuma ake shafe cikin ramin marinar kansa don kada ya tsiyaye. Ga kuma makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kwaɓa da jar ƙasa a yaɓe jikin katanga, ta ba ta wannan launin ja mai duhu. Ka ga ke nan duk ramin rinin da aka bari shara ta cike, wani soro ne a wata unguwa ya rasa abin da zai tare masa ruwa.

Babban masallaci ba zai ɗauke ka lokaci ba. Asalinsa na zamanin Rumfa ne, amma ginin da ke tsaye yanzu na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, farkon shekarun 1950. Gidan Rumfa kuwa gidan sarki ne da ake zaune a ciki, ba a faɗa masa kai tsaye. Ka tsaya a Ƙofar Kudu ka kalli fasalin ginin, idan kana son wuce nan ka nemi izini ta hannun dogarai, abin da suka ce shi ke nan.

Lokacinka ka kashe shi a Gidan Makama, gidan da aka gina wa Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da lifidi, da hotunan Kano na farkon zuwan Turawa. Duk ka kalla. Amma a kowane ɗaki ka ɗaga kai sama, domin rufin ya fi duk abin da ke cikin gilashi daraja. Itacen da za ka gani a jere azara ce, tsagin giginya, wadda gara ba ta cika iya mata ba. Matsalarta ɗaya, ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa a faɗin da ya wuce kamar ƙafa 6. To yaya aka rufe soro mai faɗin ƙafa 20 ba ginshiƙi a tsakiya? Magini yana kafa azara a cikin katanga ta ɗan karkato ciki, ya ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, ya bi da ƙasa, ya bari ta bushe, ya ƙara wata. Haka ake yi daga ɓangarori biyu har su haɗu a sama, shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiya an samu ɗaurin guga, su raba rufin gida-gida yadda gajeruwar azara za ta iya rufe kowanne. Ba ƙarfe, ba ƙusa, ba zane a takarda. Duk ɗalibin da ke karanta zanen gine-gine a jami'o'inmu ya kamata a zaunar da shi ƙarƙashin wannan rufin yini guda da fensir a hannu.

Daga nan idonka ya buɗe, za ka fara ganin ciwon da ke cin garin. Mai gida ya gaji da yaɓe duk shekara, sai ya sa a shafe katangar ƙasa da siminti, yana ganin ya huta. Ban ga laifinsa ba, makuba ta yi wuya, maginan gargajiya sun ragu. Amma ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa rufe ta yake yi ruf. Zafi da sanyi kuma ba sa motsa su daidai, don haka ba a daɗewa simintin ya tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan ruwa ne ƙadangaren. Ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya riƙa narkar da tubali a ɓoye, waje kuwa sumul. Ka ƙwanƙwasa irin wannan bango da ɗan yatsa. Idan ka ji yana amsawa kamar ganga, simintin ya rabu da ƙasar, ana jiran ruwan Agusta ne kawai. Sauran masu kisan su ne indararo da ya toshe har ruwa ya kwanta a kan soro, da titin da aka ɗaga ya fi daɓen gida tudu, da dakalin da aka fasa alhali shi ke kare gindin katanga daga fantsamar ruwa.

Da la'asar ka bi titin BUK, daga Ƙofar Ɗan Agundi zuwa Na'isa, Gadon Ƙaya, Dukawuya har Kabuga. A nan ne ragowar ganuwa ta fi fitowa. Sarki Gijimasu ya fara ta tsakanin 1095 da 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Rumfa, aka ƙara a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Turawan da suka ci Kano a 1903 sun rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40. Ka riƙe waɗannan alƙaluma a ka, ka dubi abin da ya rage. Wani wuri tudu ne kawai, wani wuri an yanke ta an kafa shago, wani wuri ana ɗibar ƙasarta. Ƙofar Na'isa da ka gani ba ta asali ba ce, an rushe tsohuwar a 2010 don faɗaɗa titi aka gina sabuwa. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana neman a amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya, har yau tana jiran layi, yayin da tsohon garin Agadez ya samu shiga a 2013. Wannan abu yana yi mini ciwo, domin ba ruwan sama ne ya fi cin ganuwar nan ba, mu ne.

Mai neman lambu a cikin birni zai sha wuya. A da akwai gonaki masu faɗi a cikin ganuwa, yadda ko an yi wa gari ƙawanya ba za a rasa abinci ba, Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya gan su da ya zo a 1851. Duk gidaje sun cinye. Itatuwan sun koma sunaye: Durumin Iya, Rimin Kira, Cediyar 'Yan Gurasa. Idan ka je irin waɗannan unguwanni ka tambayi dattawa inda itacen yake ko inda ya taɓa tsayawa, za su nuna maka.

In da sauran rana, ka ƙarasa Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, wajen ganuwa, inda Bature Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya zauna ya buɗe makarantar boko a 1909. Ka zagaya bayan ginin, ka duba zankwaye da bakin indararo da gindin katanga, nan ake gane ginin ƙasar da ake kula da shi. Wanda kuma yake son ganin aikin da idonsa, ya dawo a Maris ko Afrilu, gab da faɗuwar damina, ya tambaya a cikin gari gidan da ake yaɓe. Har yanzu akwai masu yi, kuma magini ba ya ƙin mai tambaya idan ya zo da ladabi.